Faifan Ta Bakura

Duk wanda ya san Lauwali mahauci a Talata Mafara, a karkace ya san shi. Tun kafin a gane fuskarsa an gane tafiyarsa: kafaɗar dama a ƙasa, ta hagu tana neman kunne. Aikin ɗaukar cinyoyin shanu ne. Tun yana saurayi a kafaɗa ɗaya yake saɓa nama daga kwata zuwa rumfa, kuma da aka ce ya riƙa sauyawa sai ya ce ɗayar ba ta iya ba. Karkatar ba ta taɓa damunsa ba. Tela ya san yadda zai yanka masa riga, Lami a haka ta gan shi ta aure shi, masu sayen nama kuwa ba kafaɗa suke zuwa saye ba.

Abin da ya dame shi kujera ce.

Ciwon daga ƙugu ya fara, ya gangara ƙafar dama kamar an zura masa waya mai zafi. Ya yi ƙaho, ya sha jiƙo kala-kala, ya je wajen wani mai ɗori a Maradun wanda ya kwantar da shi ya hau bayansa da ƙafa biyu yana ba shi labarin siyasa. Ya daina saɓa nama. Ya daina zuwa kara sayen shanu, ko da yake wannan bai rage shi da komai ba, don tun da hanya ta lalace shanun Gidan Goga suka daina fitowa. Duk wannan ya jure. Sai wata La'asar a masallacin mahauta, wanda fili ne kawai da aka kewaye da bulo aka zuba yashi, ya yi sujada ya kasa ɗagowa. Liman ya yi kabbara, sahu ya miƙe, Lauwali yana nan goshi a ƙasa. Wasu sun ɗauka tsoron Allah ne ya kama shi. Sai da aka sallame mutum biyu suka ciccibe shi kamar buhun gero. Washegari ya tarar an ajiye masa farar kujerar roba a ƙarshen sahu, kusa da ta Balarabe.

Balarabe tsohon dillalin shanu ne. Ya daɗe a kan kujera kuma ta karɓe shi, don sau da yawa sallamar liman ce ke tashinsa daga barci.

"Maraba," in ji Balarabe. "Za ka ji daɗinta."

Lauwali ya zauna a kai. Malamai sun gaya masa sallar zaune ta halatta ga marar lafiya, ladanta cikakke, bai kuma yi musu ba. Amma shi mutum ne da ya saba idan ya idar ya shafa goshi ya ji yashi. Yanzu sai dai ya ɗan sunkuya ya gaida iska a ce ruku'u ne, ya ƙara sunkuyawa kaɗan a ce sujada ce. Ya tsani kujerar nan tsana ta gaskiya. Ba ya roƙon a miƙar masa da kafaɗa, ba ya ma roƙon ciwon ya tafi duka. Roƙonsa ɗaya ne, goshinsa ya sake taɓa ƙasa kafin a sa shi cikinta.

Yana kuwa da 'ya wadda wannan ne ainihin aikinta. Matsalar kawai, 'yar fari ce.

Kowa ya san yadda ake da ɗan fari, sai dai Lauwali ya kai abin inda ko kakanninsa ba su kai ba. Ranar sunanta ya tsallake ya tafi Maradun sayen san da ba ya bukata. Da aka yaye ta, yayarsa Nagode ta goya ta sai Bakura, can ta girma. Ramla aka raɗa mata, amma wannan suna bai taɓa fita daga bakinsa ba. In dole ta kama sai ya ce Ta Bakura, yana kallon bango. Yarinyar ta yi karatu, ta zama injiniya, ta wuce Turkiyya ta ƙaro, wani kamfani a can ya riƙe ta. In aka tambaye shi aikin da take yi sai ya ce, "Ƙira," ya ci gaba da sara. Yana sonta ƙwarai, yana kuma alfahari da ita, kuma duk kasuwa an san haka. Mata masu wayo sun gano cewa in suka tambayi labarinta zai haɗe rai kamar an zage shi, sannan ya ƙara musu tsoka guda a kan naman.

Nagode ce ta kai mata labarin kujera ta waya. Ramla ta sa aka kai shi Sakkwato aka tura shi cikin wata na'ura mai kama da tukunyar gasa burodi, aka aika mata hotunan. Daga nan shiru. Sai bayan damina ta sauka a Mafara da ƙaramin akwati.

Aka zauna a tsakar gida. Lami, wadda ita ma uwar 'yar fari ce, ta tuna tana da aiki a maƙwabta. Nagode ta zauna a tsakiya, Ramla a gefe guda kanta a ƙasa, Lauwali a ɗaya gefen yana nazarin wata akuya. Ramla ta sa an kawo mata guntun ƙashin bayan saniya daga rumfa, ta ajiye shi a tire.

"Gwaggo, kin ga wanga farin guringuntsi da ke tsakanin ƙashi da ƙashi? Likitoci faifai suka ce mashi. Shi ad da aikin matashi, shi ka hana ƙashi cin ƙashi."

"Nan wuƙa ka bi," in ji Lauwali, yana gaya wa akuyar.

"Na Baba na can ƙasa, kusa da ƙugu, ya cinye. Kuma gehe guda ya hi cinyewa, kamar dunduniyar takalmin da anka daɗe ana takawa a karkace. Shi yas sa ƙashin sama ya zamo ya danne jijiya."

Ta buɗe akwatin ta fito da wani abu da bai fi marfin kwalbar man shafawa ba. Ƙarfe ne fala-fala biyu, bayan kowanne da 'yan haƙora, a tsakaninsu wata roba mai tauri. Ta yi wa Gwaggo bayani dalla-dalla, da murya dai-dai yadda mai nazarin akuya zai ji. Irin waɗanda aka saba sawa, in ji ta, shimfiɗaɗɗu ne. Suna raba ƙashi da ƙashi, amma in mutum a karkace ya shigo, a karkace zai fita. Wannan kuwa ba haka aka zana shi ba. Gabansa ya fi bayansa kauri don ya mayar wa ƙugu lanƙwasarsa, ɓangaren dama kuma ya ɗara na hagu tsawo don ya tallafo ƙashin daga inda ya nutse. Haƙoran za su kama ƙashi har ya toho ya riƙe su. Robar tsakiya ita ce ke barin ƙarfen sama ya mirgina a kan na ƙasa. Ta yi watanni tana zana shi a kan hotunan bayansa, tana ƙara nan tana rage can, aka sa shi a injin da ke lanƙwasa shi dare da rana don a ga ko zai gaji. Wannan na gwaji ne, na gasken sai likita ya yarda za a ƙera.

Ta miƙa wa Nagode. Nagode ta miƙa wa Lauwali, duk da cewa hannun Ramla ya fi kusa da shi. Ya auna shi a tafin hannu, ya matsa shi da yatsa biyu, ya ga ya motsa gaba ya motsa baya.

"Yaya, tambaye ta. Mai wanga abu cikin jikinai, shina sujada?"

"Gwaggo, don haka anka yi shi," in ji Ramla. Sai ta ƙara da cewa akwai sharaɗi. Sai likita ya ga gaɓoɓin bayan suna motsi har yanzu. In sun riga sun daskare, babu amfanin a sa abu mai motsi a inda ba a motsi.

Lauwali ya mayar da faifan ta hanyar da ya zo. Daren nan ya ci tuwo har da ƙari.

Ranar zuwa Sakkwato Nagode ta ce gwiwarta ba za ta ɗauki mota ba, aka sauke ta a Bakura. Wannan shi ne kuskuren farko, kuma ba wanda ya lura. Lauwali ya zauna gaba kusa da direba, Ramla a baya, suka isa ba wanda ya ce uffan sai rediyo.

A ɗakin hoto aka ba shi wata riga ya sa. Wanda ya ƙirƙiro rigar asibiti ba shi da 'ya'ya, ko kuma ba ya jin kunyarsu. Gabanta a rufe ruf har wuya, inda ba wanda ya damu, bayanta kuwa a wangale, igiya biyu ce kawai ke riƙe da mutuncin mutum. Lauwali ya sa, ya fito yana tafiya a gicciye, ya tsaya inda mai hoton ya nuna masa. Mai hoton ya juya shi gefensa ya fuskanci na'ura, ya koma bayan wani gilashi. Da Lauwali ya waiga, sai ya ga gilashin a bayansa yake sak, kuma mutum biyu ne a ciki. Ramla ta nemi izini ta shiga don ta ga hotunan suna fitowa da idonta. Ita ƙashi ta zo gani. Ta yi shekaru tana kallon bayan mutane a kan allo har ta manta cewa a jikin mutum yake.

"Baba, duƙa kamar za ka yi ruku'u," in ji mai hoton. "Iya ƙarhinka, ko da ciwo."

Lauwali ya sunkuyar da kai. Ya ji igiyar ƙasa ta ja, ya ji iskar na'urar sanyaya ɗaki a inda iska ba ta saba zuwa ba. Ya tsaya nan.

"Ƙara, Baba."

"Iyakata ke nan."

"Ciwo na ya tsai da kai?"

"Ba ya tahiya."

A ganinsa bai yi ƙarya ba. A gaban 'yar fari iyakarsa ke nan. Aka ce ya gantsare baya, ya ɗaga haɓa kawai. Aka sake, aka sake, ƙugun Lauwali yana nan kamar turmi.

Dakta Ishaq likitan ƙashin baya ne, mutum mai haƙuri da gilashi a kan hanci. Ya jera hotunan a allo, na tsaye da na duƙe da na gantsare, ya daɗe yana neman bambancinsu. Suka yi magana da Ramla da Turanci, muryarta tana ta raguwa. Sannan ya juyo.

"Baba, gaskiya zan gaya maka. Bayanka ya daskare. Faifan da ta zana mai kyau ne, amma ba zai yi maka aiki ba. Abin da ya rage shi ne mu haɗe ƙasusuwan ƙasan nan da ƙarfe da noti, mu ɗaure su da ƙugu su zama abu ɗaya. Ciwon ƙafa zai ragu sosai, za ka kuma miƙe."

"Sujada hwa?"

Likitan ya cire gilashinsa. "Wannan ba zan yi maka alkawari ba. Yawancin waɗanda muka haɗe wa da yawa haka, kujera suke amfani da ita."

Ramla ta ce, tana kallon tebur, "Dakta, a tambaye shi ko da sauran abin da bai yi ba."

"Baba, ka tabbata iya ƙoƙarinka ka yi?"

Nan ne wurin magana. Kalma kaɗan ce, kuma Lauwali ya san ta sarai. Sai dai in ya faɗa, zai faɗa ne a gabanta, game da ita, game kuma da bayan rigar nan. Zai zama ya ce wa baƙo 'yarsa ce ta hana. Ya buɗe baki, ya tambayi likitan mutumin wane gari ne. Likitan ya ce Kontagora. Lauwali ya ce Allah Sarki, ana samun shanu masu kyau a can. Aka ce a dawo bayan Sallah a sa ranar aiki.

A hanyar dawowa, wajen Tureta, ya ji ana jan hanci a baya a hankali, irin na wanda ba ya so a ji. Ya ce wa direba ya kashe sanyin motar, yana sa wa mutane mura. Baƙin ciki ya cika shi, biyu ne kuma. Ga kujera har mutuwa, ga wahalar yarinyar nan ta wata da watanni da ya zubar da hannunsa. Ya san abin da ya yi, ya san kuma in aka mayar da shi ɗakin nan yanzu, tana bayan gilashi, haka zai sake yi. Da suka iso mararrabar Lamba, direba ya karya kan mota suka nufi Bakura.

A ƙofar gidan Nagode maƙwabta suka tare Ramla da gaisuwa, don 'yar unguwa ce. Lauwali ya shige shi kaɗai. Nagode tana zaune a tabarma a bakin ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, ita ta yi masa aure, kuma tun da ya yi wayo bai taɓa gaishe ta a tsaye ba. Ko da ciwon ya yi tsanani bai fasa ba, sai dai ya cije. Bai ma yi tunani ba. Ya tuɓe takalmi, ya dafa gwiwoyi, ya tafi ƙasa har hularsa tana neman faɗuwa cikin gyaɗar. Wayar nan mai zafi ta zarce har ɗan yatsa.

"Yaya, an wuni lahiya?"

"Lahiya lau. Kun dawo lahiya?"

"Lahiya lau."

"Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi."

"Ya gajiya?"

"Babu gajiya. Ya gwiwa?"

"Da sauƙi. Ya jikin naka?"

A nan ne, kansa a ƙasa, ya hango ta ƙarƙashin hammatarsa. Takalma ne baƙaƙe na mata a bakin zaure, sun shigo sun tsaya cak. Ya san su, su ya yi ta kallo a ofishin likita.

To, ga shi nan. In ya miƙe, ya katse wa yayarsa gaisuwa ya tsaya mata a ka, abin da bai taɓa yi ba. In ya zauna a duƙe, ga Ta Bakura a bayansa tana ganin abin da ya hana ta gani da safe. Ya yi fatan Nagode ta gajarta. Nagode kuwa ba ta san tana da wani dalilin gajartawa ba. Ta tambayi Lami, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya duk da yau da safe ta baro su, ta tambayi kasuwa, ta tambayi zafin Sakkwato. Ta tambayi akuyar nan ko ta haihu. Gumi yana ɗiga daga hancinsa yana amsawa lahiya lau. Takalman suka daɗe a tsaye. Sannan suka ja da baya a hankali, ba ko ƙara, suka fita.

Da aka gama ya dafa bango ya miƙe da kyar. Wata yarinyar maƙwabta ta leƙo ta ce ana kiran Gwaggo a waje. Nagode ta ja gwiwarta ta fita, ta jima, ta dawo ta zauna ta ci gaba da ɓarar gyaɗa.

"Ta Bakura tac ce hoton yau bai yi kyau ba, sai an sake."

Lauwali ya ce to.

"Tac ce kuma ita ba ta samun zuwa ranar. Kanta na ciwo."

"Wace rana za a koma?"

"Ba a sa ba tukuna. Amma kanta zai yi ciwo."

Nagode ta ɓare gyaɗa guda, ta jefa a baki, ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai dai tun kana yaro wawa na," ta ce. "Ita ma ɗiyar taka, da duk karatunta, ta rasa inda za ta tsaya sai bayan ubanta. Allah shi shirye ku."

Mako na zagayowa aka koma, shi da direba kawai. Rigar dai ita ce, igiyoyin ma su ne, amma bayan gilashi mai hoto ne shi kaɗai. Aka ce ya duƙa. Lauwali ya duƙa yana nishi har sai da mai hoton ya ce, "Baba, ya isa haka, ka hita daga hoton." Dakta Ishaq ya jera sababbin kusa da tsofaffin, ya kalle su, ya kalli Lauwali ta saman gilashi.

"Wane magani ka sha cikin makon nan?"

"Jiƙo," in ji Lauwali.

Likitan ya ce a ci gaba da sha.

Hotunan suka isa Bakura ta waya tun kafin ya iso Tureta. Nagode ta ba shi labari daga baya, wai yarinyar ta zauna a tabarma da kwamfuta a cinya, in wuta ta ɗauke ta koma shagon mai cajin waya. Da ta ga yadda ƙashin ke tafiya da gaske sai ta rage wa ɓangaren dama tsawo kaɗan, don kada a miƙar da shi fiye da yadda jijiyoyinsa za su yarda, ta kuma matsar da robar tsakiya baya. Baya da ya yi shekaru a karkace, in ji ta, ba a tayar da shi tsaye rana ɗaya. Ta aika zanen Turkiyya, aka ƙera, aka aiko.

A Abuja aka yi aikin. Da aka gaya masa ta ciki za a shiga, ba ta baya ba, 'yan rakiya suka tsorata, shi kuwa ya ce daidai ne, ko shi ta nan yake bi. Ya farfaɗo ya ji ƙafar dama shiru, kamar maƙwabcin da ya saba faɗa ya tashi daga unguwa. Ramla tana asibitin duk kwanakin da ya yi, amma bai gan ta ba ko sau ɗaya. Kullum da safe dai akan shigo da kunu a fulas, in an buɗe ƙofa kuma yakan hango baƙaƙen takalma a gefen benci.

Ya dawo Mafara a miƙe, ko da yake ba sambal ba, akwai sauran 'yar karkata ta tuna baya. Rigunansa duk suka ɓaci, don telan ya yanka su ne don wani mutum dabam, yanzu hannun hagu ya fi na dama tsawo. Mutane suka riƙa wuce shi a hanya sai ya yi magana su dawo da baya. Likita kuwa ya hana shi sujada sai ƙashi ya kama haƙoran faifan, saboda haka ya koma kan kujerarsa wata da watanni.

"An dai yanke ka a banza," in ji Balarabe. "Ga ka ga ni."

Ramla ta koma bakin aikinta, ba ta dawo ba sai lokacin dubawar ƙarshe. Ta raka shi har asibiti, kanta ya yi ciwo a wajen ajiye motoci, ta zauna a mota. Dakta Ishaq ya duba hoto ya ce ƙashi ya kama. Ya ce a fara a hankali.

Washegari da La'asar Lauwali ya shiga masallacin mahauta, ya ɗauki farar kujerar ya ajiye ta gaban Balarabe, ya ce ya riƙa ɗora ƙafa. Ya shiga tsakiyar sahu. Da aka yi ruku'u ya ji wani abu ya mirgina can cikin ƙugunsa, sumul, kamar ƙyauren da aka sa wa mai. Aka ɗago. Liman ya yi kabbara, Lauwali ya kai gwiwa ƙasa, ya kai hannuwa, ya bi su a hankali yana jiran wayar nan mai zafi. Ba ta zo ba. Goshinsa ya sauka a kan yashi. Rana ta gasa yashin, da ɗumi, da ƙanshin da ya manta yana da shi. Ya yi tasbihi ya ƙara, hawaye suna bin hancinsa suna shiga ƙasa, bai kuma ji kunyar kowa ba. Liman ya ɗago, sahu ya ɗago, shi yana nan. Mutum biyun da suka taɓa ciccibarsa suka saci kallon da bai halatta ba a cikin salla. Sai ga shi ya ɗago da kansa ya zauna.

Da aka idar hannunsa ya tafi goshi yadda ya saba, sai ya tsai da shi a hanya. Bai koma rumfa ba. Ya bi ta cikin kasuwa, ya bi ta bakin tasha, wani ya ce masa, "Lauwali, goshinka," ya ce ya gode, ya wuce.

A tsakar gida Nagode tana kan tabarma, don ta zo jin sakamakon asibiti. Ramla tana gefenta tana haɗa kaya, gobe za ta koma. Da ya yi sallama ta sunkuyar da kai. Hanyar ɗakinsa ta hagu take, amma ya bi ta dama, ya tsaya daidai inda suke, ya tambayi Nagode ko an ba akuya ruwa. Nagode ta ce an ba ta. Ya tambaya ko an ba ta dusa. An ba ta. Ya ci gaba da tsayuwa, fuskarsa a juye wajen hasken yamma, ba shi da sauran tambaya.

Ramla ta ɗago ido sau ɗaya ta mayar. Hannunta ya tsaya a kan zanen da take ninkewa. Da ta yi magana muryarta ba ta fita sosai ba.

"Gwaggo, ki hwaɗa ma Baba da ƙasa ga goshinai."

Lauwali ya dubi bango.

"Yaya, hwaɗa mata na sani."